Sun Ce Na Saci Amsa, Ni Kuwa Hadda Na Yi

Assalamu alaikum Goggo mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan, domin in ban samu wanda ya riƙe ni ba, zan aikata abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a wurin aikinmu. Raina a ɓace yake, ki yi haƙuri in maganar ta yi ta kewaye.

Ina aiki a wani kamfanin wanki da guga, irin wanda otal-otal ke kawo wa zannuwan gado da tawul buhu-buhu. Shekarata uku a ɗakin inji. In ba ki taɓa shiga irin ɗakin ba, ki ɗauka an saka ki a tukunya an rufe. Injuna shida suna ruri, tururi ya hana ka ganin na kusa da kai, ga ruwan bilic da ya cinye min fatar yatsu har wayata ta daina gane ɗan yatsana. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne shugaban ma'aikatan ɗakin. Shi ya kawo ni, shi ya tsaya min.

Bari in faɗa miki da bakina kafin wani ya riga ni: ni mutum ne mai tsokana. Ban musa ba. Ni na ɗinke hannun rigar direbanmu yana barcin rana. Ni na kira mai gadi da muryar mace, ya fesa turare ya tsaya bakin ƙofa awa biyu yana gyaran hula. Kowa ya yi dariya, har su da aka yi wa, bayan sun huce. Amma ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Kullum ni ke juye aljihunan kayan mutane, zobe da agogo da makulli nawa na tsinta na kai ofis? Ba wanda ya tuna wannan yanzu.

Wata huɗu da suka wuce manajarmu ta ce za a buɗe kanta a gaba, inda mutane za su riƙa kawo kayansu da kansu. Ɗaki mai sanyi, kujera mai juyawa, ba tururi ba bilic. Sharaɗin kawai ka iya Turanci, saboda wasu masu kawo kayan ba sa jin yarenmu. Aka ɗauko wani tsohon malamin makaranta, Ticha muke ce masa, yana zuwa Talata da Alhamis lokacin hutun rana. Mu goma sha ɗaya ne, a ɗakin ninke kaya, kowa ya samu buhun tawul ya zauna. Aka ce wanda ya fi kowa a jarrabawa shi ke da kanta.

Ni ban yi boko ba, Goggo. Allo na yi, na sauke, kuma Allah ya ba ni kan hadda. Wannan rubutun ma a waya na koye shi wurin aika saƙo. Da farko abin ya zo min da sauƙi. Gaisuwa, ƙirga, sunayen kaya, launuka, duk abin da Ticha ya faɗa sau biyu ya zauna. Har nuna ni yake yi yana cewa a yi koyi da ni. Sai muka iso wurin da ya lalata komai, inda ake cewa I wash, a kuma ce I am washing.

Ki dubi wannan rainin hankali. Na tambaye shi wanne ne daidai, ya ce duka biyun. Na ce to in ɗauki wanda na ga dama, ya ce a'a, a kowane wuri ɗaya ne kawai ke shiga. Na ce ta yaya zan gane wurin, sai ya cika allo da wasu dogayen sunaye da kibiyoyi, ya ce wanda bai yi firamare ba dole ya sha wuya a nan. A inda na yi karatu abu ɗaya ne daidai. Ka ƙara wasali a gyara maka, ka maimaita har ya zauna, a wuce. Ba a taɓa ajiye min biyu an ce in zaɓa ba. Sau uku ina tambayarsa. A na ukun ya dubi agogo ya ce ba zai tsayar da mutum goma saboda ni ba. Daga ranar na raɗa masa Baba In-in, saboda wutsiyar washing ɗin nan, sunan kuwa ya bi shi har bakin titi.

Da na ga ba zai fahimtar da ni ba, sai na nemi hanyata. Na lura takardun da yake raba mana kwafi ne daga wani littafi, har da lambar shafi a ƙasa. Na nuna wa matar yayana, ita ta gama sakandare, ta ce ai tana da littafin a ƙasan akwatinta, bangon ma ya yage. Babin da muke kai yana da jimla ɗari da ashirin, amsoshin suna can baya. Ta ja min rai sosai, sai da na wanke labulayen gidan duka na goge, sannan ta karanta min su a waya ta turo, kowace jimla da lambarta da amsarta a ciki.

Na raba su goma-goma kamar yadda ake yanka wa mutum karatu. Kowace goma in kwafe ta da hannuna sau uku a littafin rubutu, sannan in toshe kunne da abin saurare in yi ta biyawa cikin rurin inji. Sabon karatu da safe, tilawar na baya da yamma. Sati uku ina wannan. Har ta kai in kika ce min sittin da bakwai zan karanto miki ita ba gargada. Ma'anar wasu na sani, wasu ban sani ba. Ban taɓa kawo wa raina laifi ba ne, ni haka na san ana karatu.

To ga inda na ɗebo wa kaina. Ranar Talata, saura kwana biyu jarrabawa, Ticha ya bar jakarsa a kan teburin ninki ya zaga bayi. Ina da ƙadangaren roba na ɗan yayana a aljihu, kwana uku ina yawo da shi ina jiran dama. Na ja zif na cusa na rufe, ko ƙiftawa goma ba a yi ba. Mai guga, wani dogo da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya gan ni, na ɗora yatsa a baki. Abin haushi ma Ticha bai buɗe wannan aljihun a gabanmu ba, wasan ya mutu a banza. Wallahi ban san takardar jarrabawa tana cikin jakar ba.

Ranar Alhamis aka raba takarda. Tambaya hamsin, duka daga cikin nawa, ko waƙafi bai canza ba. Minti goma sha biyar na gama na zauna ina kallon mutane suna cizon biro. Injin kwafi ya cinye rabin tambaya ta ƙarshe, kowa ya tsallake ta. Ni kuwa ina ganin farkonta bakina ya ƙarasa da kansa, kamar an ɗauko maka aya an tsaya a tsakiya. Na rubuta ta cikakkiya har da kalmomin da ba su fito ba. Ni a tunanina burgewa na yi.

Talata ta gaba aka kira ni ofis. Ga manaja, ga Ticha, ga Kawu, ga mai guga a tsaye jikin ƙofa. Takardata tana kan tebur, hamsin bisa hamsin. Mai bi mini wata mata ce daga ɗakin ninki, talatin da ɗaya. Ticha ya ce yana so in gaya wa manaja yadda na san abin da ba ya kan takarda. Mai guga ya ce shi da idonsa ya ga hannuna cikin jaka. Sai Ticha ya ciro ƙadangaren ya ajiye a gaban manaja. A nan ne kawai aka yi dariya, kuma ba irin wadda na shirya ba ce.

Na ce hadda na yi. Ticha ya ce shekararsa talatin yana koyarwa bai taɓa ganin wanda ya haddace babi guda na harshen da ba ya ji ba. Sai ya nuna min mai shara ta gilashin ofis, tana goge ƙasa, ya tambaye ni da Turanci me take yi yanzu. Goggo, na san kalmar gogewa, na san kalmar ƙasa, amma wanne daga cikin biyun nan zan ɗauka? Kaina ya yi ta laluben lamba, babu mai shara a cikin ɗari da ashirin. Ticha ya buɗe hannuwa ya dubi manaja, ya ce shi ya gama magana.

A nan ne na fashe. Na ce masa malalaci ne, wata huɗu yana zuwa bai iya amsa tambaya ɗaya ba. Na ce in akwai ɓarawo a ɗakin nan to wanda ya kwashe tambayoyi daga littafin wani ya ce nasa ne. Na ƙara wasu da ba zan rubuta miki ba. Kawu ya daka min tsawa, ya ja ni da wuyan riga har waje a gaban kowa.

Hukuncin da manaja ta yanke shi ne wannan. Sun buga wata takarda da ke cewa na buɗe jaka na duba tambayoyi kuma ina neman gafara. In na sa hannu kafin ƙarshen wata, zan ci gaba da zama a ɗakin inji, kanta kuwa in manta da ita. In na ƙi, in ajiye rigar aiki in tafi.

Kawu ya ce in sa hannu kawai, takarda ce, kuma mutuncinsa ne a ciki tunda shi ya kawo ni. Innata ta yi kuka, ta ce tun ina yaro take gaya min wasan nan zai kai ni inda ba na so. Yayana ya ce in watsa musu takardarsu a fuska, shi da ba shi zai rasa aiki ba. Matarsa ta ce za ta zo da littafin, Kawu ya ce ba a kai matan gida ofis, kuma kowa zai iya nemo littafi bayan an kama shi. A wurin aiki Farfesa ake kirana yanzu. In na wuce, direba sai ya rungume jakarsa yana waige-waige, a kwashe da dariya. Ni da ke raɗa wa mutane suna!

Amma abin da ya fi ci min rai Kawu ne. Ya san kaina sarai. Sau nawa ya sa ni karatu a gaban baƙinsa yana cewa ɗan 'yar'uwarsa ne? A ofis ɗin nan kalma ɗaya bai faɗa don ya kare ni ba, takalminsa kawai yake kallo.

Ba zan ɓoye miki ba. Duk Alhamis Ticha yana kawo fararen kayansa a wanke masa kyauta, kuma ta hannuna suke bi. Na riga na ware wani jan mayafi mai zuba na ɓoye bayan inji na huɗu. Tunda ɓarawo suka ce, gara in tafi na bar masa abin tunawa da ni.

Ki gaya min, in sa hannu a kan ƙarya in ci gaba da cin abinci, ko in tafi a ce ai da ma ya sata shi ya sa ya gudu? Kuma in kin san bambancin abin nan guda biyu, don girman Allah ki faɗa min da Hausa, har yau ba wanda ya faɗa min.

Naki,
Wanda suke kira Farfesa, daga ɗakin inji.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, je ka bayan inji na huɗu ka ɗauko jan mayafin nan ka mayar inda ka same shi. A yau zargi kawai ke kanka, kuma kana da abin da za ka kare kanka da shi. Ranar da ka ɓata kayan dattijon nan da gangan, ka ba su laifi na gaske da hannunka, kuma ba wanda zai ƙara sauraron zancen hadda.

Na yarda da kai ba ka sata ba, kuma ba zan ce ka sa hannu a kan abin da ba ka yi ba. Takarda tana zama a fayil ta jira mutum. Duk ranar da wani abu ya ɓata a kamfanin, ita za a fara ɗaukowa.

Amma ka zauna a kujerar Ticha na minti ɗaya. Ɗalibin da ya kasa darasi sati uku da suka wuce ya ci hamsin, ya rubuta abin da ba a buga ba, an ga hannunsa a jakar da takardar take, sannan an yi masa tambaya mai sauƙi ya yi shiru. Ko ni ce zan zarge ka. Mai guga ma abin da ya gani ya faɗa. Jakar mutum sirrinsa ce, ko me ka je sakawa, kuma zagin sa'an mahaifinka a gaban shugabarsa ba ƙaramin abu ba ne. Ticha ma yana da nasa laifin. Bai kamata ya gora maka rashin firamare ba, kuma da ya zauna ya tsara tambayoyinsa da ba a zo nan ba. Sai dai nasa laifin ba ya goge naka.

Kawu kuwa tsoro ne ya rufe masa baki. Mutumin da ya tsaya wa wani yana ganin kujerarsa tana rawa ne. Ka same shi a gida, ba a wurin aiki ba, ka fara da ba shi haƙuri kan kunyar da ka ja masa, sannan ka nuna masa abin da fushi ya sa ka manta kana da shi. Muryar matar yayanka tana cikin wayarka da ranar da ta turo, sati uku kafin a taɓa jaka. Littafin da ka kwafe jimlolin sau uku-uku yana nan da rubutunka. Littafin bugu ana iya nemo shi daga baya kamar yadda ya ce, amma waɗannan biyun ba a ƙirƙirarsu a kwana ɗaya.

Daga nan ka rubuta taka takardar da kalmominka. Ka amsa cewa ka buɗe jaka don wasa, ka amsa cewa ka yi rashin kunya, ka nemi gafarar Ticha a kan su biyun ba tare da wani amma ba. Ka ce ba ka ga tambayoyi ba. Ka roƙi manaja minti goma: ta riƙe littafin da kanta, ta kira duk lambar da ta ga dama daga cikin saba'in ɗin da ba su fito a jarrabawa ba, kai kuma ka karanto. Ka je da Kawu, ka yi magana a hankali, kuma duk abin da Ticha ya faɗa kada ka tanka.

Yanzu ga mai ɗacin. Ko an wanke ka, kantar nan ba taka ba ce tukuna. Mai kawo kaya ba ya zuwa da lamba a goshi, kuma abin da ya same ka a gaban gilashin ofis shi zai riƙa samunka sau ashirin a rana. Matar da ta ci talatin da ɗaya ta fi ka sanin abin da ta rubuta. Ka faɗi haka da bakinka a gaban manaja, ka roƙi a bar ka a aji, a gwada ka da sababbin tambayoyi in wata dama ta zo. Wannan maganar za ta sa a yarda da kai fiye da karatun ma.

Tambayarka ta ƙarshe kuwa, amsarta tana bakinka tun kana yaro. In ka ce nakan wanke zannuwa, kana nufin aikinka ne, abin da ka saba, ko yanzu kana zaune kana hutawa. Wannan shi ne I wash. In ka ce ga ni nan ina wankewa, hannunka cikin ruwa a daidai lokacin, shi ne I am washing. Abin da ke rikita mu shi ne a hira mukan ce ina wanki a kamfani, muna nufin sana'a, su kuwa sun raba biyun. Don haka kafin ka zaɓa, tambayi kanka: wannan abin da akan yi ne, ko wanda zan iya nunawa da yatsa yanzu? Akwai 'yan kalmomin da ba sa bin wannan, irin su sani da so, za ka tarar da su a gaba. Kullum ka dubi mutum biyar a ɗakinku, ka faɗi abin da kowa yakan yi da abin da yake yi, ka kai wa matar yayanka ta gyara. Haddarka baiwa ce, ka ba ta jimlolin da kai ka gina.

Ban yi maka alkawarin manaja za ta saurara ba. In ta ga shaidarka duka ta ce sai waccan takardar, to ka sanar da Kawu tukuna, ka ajiye rigarsu cikin ladabi, ka bar taka takardar a kan teburinta. Rasa aiki ba wasa ba ne, na sani, amma mai shekara uku a kan inji yana samun wani wurin, muddin ba da sunan ɓarawo ya fita ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninka da kawunka, ya sa ka fito daga ofis ɗin nan da sunanka a wanke.

Goggo